Sharhina kan rautar 5G ga masu buga gem ɗin harbi a Abuja

Jama'a masu tambayata ko rautar 5G (na'urar da ke raba intanet ta waifai a gida) tana maganin matsalar nan ta ka harbi mutum harsashi bai shiga ba, ga abin da na gani tunda na sa ta a gidanmu nan Kubwa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba don ba talla nake ba.

Wajen saukar da abu kam ba magana, sabunta gem da a da sai in bar waya ta kwana a caji yanzu kafin in gama cin abinci ya kammala. Amma mu masu PUBG Mobile da Call of Duty Mobile ba gudun saukewa ne damuwarmu ba, lambar ms ɗin nan ta gefen allo ita ce rayuwarmu, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba (babbar kwamfutar da ke tafiyar da gem ɗin) ya dawo, ms 1,000 ne daƙiƙa ɗaya. Da datar waya nakan ga 140 sai kawai ta yi tsalle ta haura 300 ta koma ja musamman bayan isha'i in kowa ya dawo gida ya hau netwok, da rautar nan kuwa tana zama wajen 120 zuwa 130 kuma ba ta cika rawa ba. Wannan zaman da take yi wuri ɗaya shi ne ainihin abin da kuɗina suka saya, domin hannu yana sabawa da jinkirin da ya tsaya, wanda yake hawa da sauka ne ke sa mutum ya ji kamar ya buga waya da ƙasa.

Sai dai har yanzu ina shiga bayan bango sannan harbi ya same ni in faɗi, kuma har yanzu wani lokacin ina ganin jini a jikin abokin karawa amma bai mutu ba. Wannan ba laifin rauta ba ne wallahi. Abin da kake gani a allonka ya riga ya wuce, saba ce alƙali, ita ke yanke ko harbinka ya samu mutum, kuma gem da yawa sukan ɗan koma baya su duba inda kake a allon wanda ya harbe ka, shi ya sa kai kana ganin ka tsira alhali a wajensa kana fili. In gem na tafiya da hoto 60 a daƙiƙa, jinkirin 150 ms kusan hoto 9 ke nan, a fito na fito cikin ɗaki wannan ya isa a gama da kai.

Kuma nisa ne tushen abin. Hasken da ke ɗauke da saƙo a cikin wayar fiba ta intanet yana cin kusan kilomita 200 ne a kowane ms ɗaya, to wayar MainOne da ta biyo ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010 tsawonta wajen kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa kaɗai 70 ms ke nan, ba a sa Abuja zuwa Legas ba, ba a sa daga Fotugal zuwa inda sabar take a Turai ba. Duk wanda ya ce maka akwai rautar da za ta ba ka 20 ms a sabar Turai daga nan, kada ka ba shi kuɗinka. Ni abin da ke min ciwo ma shi ne yaranmu sun iya wasa ƙwarai, amma ana shiga fili da su an riga an ba ɗan Jamus ratar da ba gwaninta ce ta ba shi ba.

Abin da bai min daɗi ba a rautar, ba ta da batir, NEPA na ɗaukewa ana tsakiyar wasa shike nan, sai da na haɗa ta da ƙaramar inbata. Tana kuma son bakin taga, in ka kai ta ƙuryar ɗaki sai ta sauka 4G. Sannan in ƙannenka suka hau TikTok a kanta ms zai tashi, ni dai na koma layin waifai na 5GHz na rautar (wannan daban yake da 5G) ina zama kusa da ita, ya rage sosai.

Kafin ka saya ka ari ta wani ka gwada a ɗakinka da daddare, don Kubwa ɗin ma a wani layin unguwa 5G na kamawa, a wani ba ya kamawa.