Sashen gashin ƙashi (fisiyo) na wani asibitin kuɗi a Zoo Road: abin da na gani kan yawan fitsari

An gwada sukarina, an duba fitsari ko da ƙwayoyin cuta, an yi hoton mafitsara da furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), duka lafiya lau. Amma alwalar Magariba ba ta kai ni Isha'i, kuma a shagona na Kantin Kwari yara sun saba da jin "riƙe min, ina zuwa". Likita ne ya tura ni wajen masu gashi. Na ɗauka aikinsu ciwon baya ne kawai.

Matashin da ya karɓe ni bai ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ce, "Alhaji, rubutu za ka fara." Duk abin da na sha da duk shiga banɗaki sai na rubuta da lokacinsa. Takardar ta tona asirin shayi da goro da lemon kwalba irin su kok, masu ɗauke da sinadarin kafin (caffeine) mai tsokanar mafitsara. Goron ne ya fi min wuyar ragewa. Ya hana ni ƙaurace wa ruwa, don fitsari mai kauri ma yana tayar da mafitsara, sai dai in rage sha bayan Isha'i. Sannan ya koya min matse tsokar ƙasan mara da jinkirta fitsari, ana ƙara minti 15 a hankali. Sauƙin bai zo da wuri ba, ya ɗauki makonni. Yanzu ina tashi sau ɗaya da dare.

Inda suka gaza: kuɗin kati da na ganin mai gashi daban-daban ne, layin safe kuma dogo. Banɗaki ɗaya tal a wurin jira, a wajen da masu irin larurarmu ke zama! Wanda zai je ya tafi bayan Azahar, da sakamakon gwaje-gwajensa a hannu.