Tinkercad ko Fusion: wanne ya dace da mai son zana mazubin sabulu da kyandir?

Malama, kin tambayi wacce ta fi dacewa da zana mazubin sabulu da kyandir tsakanin Tinkercad da Fusion, manhajojin zana siffar abu a kwamfuta. To, shawarata ita ce ki kama Fusion tun daga farko. Dukansu na kamfanin Autodesk ne, kuma Fusion tana da lasisin kyauta ga mai amfanin kansa, sai dai fayil 10 kaɗai za ki iya buɗewa don gyara a lokaci guda.

Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne tana riƙe kowane awo da kowane mataki da aka bi. Na taɓa zana sabulu mai ɗauke da suna a samansa, sai aka nemi in ƙara masa tsawo. Lamba ɗaya na canza, nan take bangon mazubin ya matsa, rubutun ya koma tsakiya da kansa. Tana kuma da kayan aikin karkatar da bango, wanda duk mai zuba ya san darajarsa: idan aka karkatar da gefen da digiri 2 ko 3, abin da aka zuba zai zame ya fito ba tare da ya karye ba. Koyonta yana buƙatar haƙuri a makonnin farko, wannan gaskiya ne.

Tinkercad tana da sauƙi, a shafin intanet take aiki, amma harhaɗa siffofi kawai take yi, kuma za ki wuce matakinta da wuri.

Kowacce kika ɗauka, kada ki zuba narkakken kaki kai tsaye cikin abin da aka buga da robar PLA a injin 3D (injin da ke ƙera abin da aka zana a kwamfuta), domin robar tana fara laushi a kusan digiri 60 na zafi a ma'aunin Celsius. Ki buga samfurin, ki goge layukan da injin ya bari da sanfefa, sannan ki zuba silikon (wata roba mai laushi) a kansa; idan ya daskare, shi ne zai zama mazubinki. Duk ƙurjin da kika bari sai ya bayyana a jikin sabulun.

Ki yi hattara da masu tallar "cikakkiyar Fusion" a farashi mai rahusa, domin yawanci ta sata ce, wani lokaci har da ƙwayar cutar kwamfuta a ciki. Haka ma masu sayar da fayilolin STL (zanen da ake ba injin ya buga) da suka kwaso daga aikin wasu. Ki yi rajista a shafin kamfanin da kanki, ki fara da mazubin sabulu mai kusurwa huɗu.