Woka ko sanda mai ƙafa huɗu? Ga wadda ta tayar da Babanmu

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce. Kin tambaya wanne za ki saya masa bayan shanyewar ɓarin jikin da ya samu, woka (ƙarfen nan da ake dafawa da hannu biyu a yi tafiya) ko sanda mai ƙafa huɗu. Tunda kin ce ɓarin dama ne ya shanye, hannun bai dawo ba tukuna amma yana iya tsayawa idan an riƙe shi, to sanda mai ƙafa huɗu za ki saya. Ki bar wokar nan.

Duka biyun muna da su a gida. Wokar na fara saya, tun Babanmu yana kwance a asibiti, ban shawarci kowa ba. Na ga ƙarfe mai faɗi wanda mutum zai shiga tsakiyarsa ya dafa, sai raina ya ba ni ai wannan ba ta kayar da mutum. Ashe hannu biyu take so. Sai ka kama dama da hagu, ka ɗaga ta ka ajiye gaba, sannan ka taka. Shi kuwa a lokacin hannunsa na hagu ko cokali ba ya riƙewa. Da ya kama da hannu ɗaya sai ta karkace, jikinsa ya bi ta. Kwana uku muka gwada, a na ukun saura ƙiris ya kifa a ƙofar banɗaki. Tana da amfani ga wanda hannuwansa biyu ke aiki, kamar mai karaya ko tsohon da jiri ke ɗiba. Iyakarta ke nan.

Sandar kuwa likitar gashin (mai koya wa jiki motsi) da muke zuwa wurinta a asibitin koyarwa na Idi-Araba a Legas ce ta sa muka nemo. Ta ce a hannun mai lafiya ake riƙe ta, ba a ɓarin da ya shanye ba. Wato naku Baban da hagu zai riƙe. Ita ta saita tsawon da kanta: ta sa ya tsaya da takalminsa, ya saki hannu ƙasa, ta daidaita mariƙin da wuyan hannunsa, yadda idan ya kama gwiwar hannun za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Ki duba gindin sandar da kyau, gefe ɗaya ƙafafun a miƙe suke, ɗaya gefen sun baje waje. Miƙaƙƙen gefen shi ke kallon jikinsa, in ba haka ba zai riƙa tuntuɓe da ita. Takun kuma uku ne: sanda gaba, sai ƙafar da ta shanye, sai mai lafiyar.

Gidanmu a Agege irin gidan hayar nan ne mai ɗakuna suna fuskantar juna, da siririn lungu a tsakiya. A lungun nan Baba ya koyi tafiya karo na biyu a rayuwarsa. Mutumin da ya yi shekaru yana sauke huhun goro da hannunsa, ga shi ni da ƙanina muna ƙirga masa taku. Ina tsayawa a ɓarinsa na hagu, ɗan baya kaɗan, hannuna a ƙugunsa. Ranar farko taku huɗu ya yi ya zauna, gumi ya jiƙa masa riga, bai yi wa kowa magana ba har la'asar. Kullum bayan asuba, kafin maƙwabta su cika lungun da bokitai, sai mu fito. Huɗu ta koma goma, goma ta kai ƙarshen lungu. Wata ranar Talata da aka kira magariba sai ya ce a miƙo masa hularsa. Masallacin layinmu bai fi tafiyar minti biyu ba ga mai lafiya, mu mun kusa kwatan awa. Kafin mu isa an sallame, amma ba wanda ya tashi, liman ma ya fito bakin ƙofa yana jiransa. A kujera ya yi sallar. Na ga hawaye a gemunsa, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Sandar nan ce a hannunsa ranar, shi ya sa ba na iya maganarta da sanyin jiki.

Abin da ya sa na nace a kanta: ciwon ba a ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, inda jini ya toshe ko jijiya ta fashe. Ƙwaƙwalwar tana iya koya wa wasu sassanta aikin da ya ɓace, amma da maimaici take koyo. Sai an ɗora wa ƙafar nauyi, an taka, an sake takawa. Kuma wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da sauƙi ya fi saurin zuwa, ko da yake ba ya tsayawa a nan. Duk abin da zai sa ya tashi ya taka a watannin nan ya fi wanda zai zaunar da shi. Keken guragu ma mu na zuwa asibiti ne kawai, a cikin gida ba ma barinsa a kai.

Ba wai ba ta da aibu ba. Tana rage saurin tafiya, kuma sai ƙafafun huɗu sun zauna daram a ƙasa take riƙe mutum. Kin san titunanmu na Legas, ga ramuka, ga katakon da ake ɗorawa a kan kwata, ga santsin damina. A waje kar a sake shi shi kaɗai. Idan a bene kuke, ki nemi mai ƙaramin gindi, mai faɗin ba ta zama a kan matakala. Wajen hawa ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, wajen sauka mai ciwon ke fara sauka. Namu bayan wasu watanni likita ta mayar da shi sanda mai ƙafa ɗaya.

Ki lura da tafin ƙafarsa. In yana jan yatsu a ƙasa, a gaya wa likita, akwai wata roba mai tauri da ake sawa a bayan ƙafa ta riƙe idon sawu. Silifas kuma a ɗauke masa, a ba shi takalmi mai rufin dunduniya. Sannan don Allah ki gargaɗi 'yan gida, kar wanda ya ja shi ta hannun da ya shanye wajen tayar da shi, kafaɗar tana iya gocewa, ciwonta kuma yana daɗewa. Masu shanyewar ɓarin dama sau da yawa magana da fahimtarta na yi musu wuya, to in kin ga bai bi umarni ba, ba taurin kai ba ne. Ki taka a gabansa ya gani.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa: ki yi hattara da masu sayar da kayan nan. A wani shago a cikin Eko an miƙo min tsohuwar sanda an goge ta an sa a leda, wai sabuwa ce. Da na juya gindin sai na ga robobin sun cinye, ɗaya ma ta tsage. Robar nan ita ce ran sandar, in ta siɗe a kan tayil mai ruwa faɗuwa ce. Ki danna maɓallin da ake ƙara tsawo ki ji ya shiga raminsa ya kulle, ki dafa da duk nauyinki ki ga ko tana rawa. Da zarar sun ji kin ce shanyewar ɓarin jiki, za su fito miki da injin tausa mai lantarki, su ce yana tayar da jijiya cikin sati biyu. Kar ki ba da ko kwabo. Mafi sharri su ne masu jiƙo da ke cewa a ajiye maganin hawan jini, alhali hawan jinin ne babban abin da ke jawo ciwon, kuma shi ke maido da shi karo na biyu. Haka masu yawo gida-gida da sunan likitan gashi, wasu matsa jiki kawai suka iya. Likitan gaske yana da rajista da MRTB, hukumar da ke kula da aikin likitocin gashi a Najeriya, ki ce ya nuna miki lasisinsa, ba rashin kunya ba ne.

Ki sayi sandar, ki tafi da ita ranar da za ku je gashi, likita ya saita tsawonta ya ga takunsa na farko da idonsa kafin a fara a gida. A gaishe min da Baba da jiki.