Daren da na zauna a gaban motar is'af

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi a Makka, amma ban taɓa ganin titi daga cikin motar is'af, wato ta ɗaukar marasa lafiya, ba sai daren da numfashin Inna ya sarƙe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ne, a gidanmu na Sharamansur. Na buga 997, lambar Hilalul Ahmar, hukumar agajin gaggawa ta Saudiyya. Wanda ya ɗauka bai ja ni da surutu ba: shekarunta nawa, tana magana, ina gidan yake. Da ya ji ina kame-kamen kwatance, sai ya ce a tura yaro bakin titi. Lungunmu ko ƙaramar mota da ƙyar take shiga, don haka da gadon ɗauka suka ƙaraso a ƙafa, su biyu. Sun sa mata iska tun a ɗaki, kuma ko riyal ɗaya ba a tambaye mu ba. A wannan fannin sai sambarka.

Ni aka zaunar kusa da direba. Fitila ja na haska bangon shaguna, jiniya na kuka, ga kuma mutanen gabanmu kowa da nasa salon. Wani ya taka birki tsam a tsakiyar layi kamar an ce masa tsaya. Wani ya ƙara wuta yana tsere da mu. Wani mai Hilux kuwa, gilashi a rufe, bai ma san muna duniya ba sai da muka kusa shafar bayansa. Direban bai zagi kowa ba, "ifsah, ifsah" kawai yake cewa a lasifika, wato a ba da hanya.

Abin da ake so ba wuya: na layin hagu ya matsa hagu, na dama ya matsa dama, a buɗe hanya a tsakani. In layi uku ne, na tsakiya ma dama zai yi. Ƙin ba da hanya tarar riyal 1,000 zuwa 2,000 ce, kuma yanzu kamara ke ɗauka. Na san wannan a baki, amma ni ma sau nawa na tsaya ina waige-waige?

Launin fitilar ma mutane na cakuɗa shi. Ja, ko ja da shuɗi irin na 'yan sanda da murur, masu kula da titi, cewa take kauce yanzu. Haka ta 'yan kwana-kwana. Mai ruwan ɗorawa da ke kan satha, motar ɗaukar motocin da suka lalace, da motocin baladiya, wato hukumar gari, da masu gyaran titi gargaɗi ce: rage gudu, akwai aiki ko mota a tsaye. Ba ta neman a dare mata. A daren na ga wanda ya kauce wa satha da sauri, mu kuma ya bar mu muna jira.

Da muka isa asibiti sai ga ƙanena ya faka a bayanmu, yana haki. Ashe manne mana ya yi tun daga gida, duk inda aka buɗe mana ya kutsa.

"Yaya, ai da ban bi ku ba da har yanzu ina danjar farko."

Na ce masa bin motar is'af tana jiniya laifi ne mai tarar riyal 500 zuwa 900, kuma da direban ya taka birki da mu biyu za a kwantar. Ya ce to Inna fa? Inna dai an sallame ta bayan kwana uku. Shi kuma har yau duk saƙon da ya shigo wayarsa sai ya leƙa Absher, manhajar gwamnati da ake ganin tara a ciki.