Shafin duba lasisi na DVLA a Birtaniya: minti biyu da ke hana direba kwana a gidan yari

Hukumar DVLA, wadda ke Swansea, ita ke riƙe da bayanan direbobin Ingila, Sikotilan da Wales. Tun 8 ga Yunin 2015 ta soke takardar da ke rakiyar katin lasisi, wadda a da ake rubuta makin laifi a jikinta. Yanzu katin da ke aljihunka ba ya nuna komai game da laifuffukanka. Sai ka shiga shafin duba lasisi na GOV.UK, wato shafin intanet na gwamnatin Birtaniya, kuma kyauta ne.

Abu uku ake buƙata: lambar lasisi mai haruffa da alƙaluma 16, lambar inshorar ƙasa (National Insurance, ba ta mota ba), da lambar gidan waya (postcode) ta adireshin da ke jikin katin. A nan mutane ke tuntuɓe. Wanda ya sake gida sai ya rubuta lambar sabon gidan, shafin ya ƙi buɗewa. Ta jikin katin yake so. Idan ya buɗe, za ka ga matsayin lasisin, irin motocin da aka yarje maka, makin da ke kanka, da ranar da haramcin tuƙi zai ƙare in akwai shi. Kana iya ciro lambar dubawa ka ba kamfanin hayar mota ko mai ɗaukarka aiki don su ga bayananka. Tana aiki kwana 21, sau ɗaya tak, tare da haruffa 8 na ƙarshen lambar lasisin.

Babban amfaninsa a ganinmu shi ne ga wanda aka hana tuƙi bai sani ba. Hakan na faruwa. Kyamara ta kama mota da gudu, wasiƙu suna ta zuwa tsohon adireshi, kotu ta yanke hukunci a bayan idon mutum. Maki 12 cikin shekara 3 kan jawo haramcin wata 6 a ƙalla. To, tuƙi cikin haramci laifi ne da "ban sani ba" ba ta wanke mutum daga gare shi. Iyakacinta alƙali ya sassauta. A Ingila da Wales hukuncin na iya kaiwa ɗaurin wata 6, da tarar da ba a sa mata iyaka ba, da maki 6 ko ƙarin wa'adin haramci. Lambar laifin BA10 ce, tana zama shekara 4 a bayananka. Kuma ba ta zuwa ita kaɗai: inshora ba ta rufe wanda aka hana tuƙi, saboda haka akan haɗa masa da IN10, laifin tuƙi ba inshora, mai maki 6 zuwa 8, 'yan sanda kuma na da ikon kama motar nan take. Shi kansa rashin sanar da sauyin adireshi na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000.

Inda shafin ya gaza, na farko, bayani yake nunawa, ba ya fassara doka. Haramci yana fara aiki ne daga lokacin da kotu ta furta shi, ba daga ranar da ya bayyana a allo ba. Wanda ya fito daga kotu ya tarar shafin bai sauya ba, kada ya kuskura ya ɗauki makulli.

Na biyu ya fi damunmu, domin ganin ranar ƙarewa na yaudarar mutane ƙwarai. Idan haramcin bai kai kwana 56 ba, ana komawa tuƙi da tsohon katin da zarar wa'adi ya cika. Idan ya kai 56 ko ya haura, dole a nemi sabon lasisi. Wanda kotu ta ce ya sake gwaji, haramcinsa na nan har sai ya ci, sai dai ya yi tuƙin koyo da lasisin ɗan koyo bisa sharuɗɗansa. Waɗanda aka sa a rukunin masu babban haɗari saboda tuƙi cikin maye sai likita ya duba su tukuna. Sabon direba kuwa lissafinsa daban ne: maki 6 cikin shekara 2 na farko bayan cin gwajin tuƙi sun isa a soke lasisin, ya koma ya sake gwajin rubutu da na hanya.

Ireland ta Arewa tana da tata hukumar, DVA, don haka lasisinta ba ya fitowa a nan. Haka mai lasisin wata ƙasa, alhali shi ma kotu na iya hana shi tuƙi a Birtaniya. Shi sai ya tuntuɓi kotun ko DVLA kai tsaye.

Duk da haka shafin na yin aikin da aka gina shi dominsa, cikin sauri, har a waya. Muna ba da shawarar a duba shi bayan kowace ƙaura, da bayan kowace wasiƙar tara. Idan makin ya kai 9 kuma ga sabuwar tuhuma, a ga lauya kafin ranar zaman kotu, domin a wannan zaman ne ake iya roƙon kada a hana tuƙi saboda matsanancin ƙunci, kuma ba a sake kafa hujja da dalili ɗaya cikin shekara 3.