Jarida ko rediyo: wanne ya fi juya al'umma?

Jarida ta girmi rediyo da shekaru sama da 300. Tun 1605 ake buga jaridar mako-mako a birnin Strasbourg da ke Faransa a yau, rediyo kuwa sai a 1920 tashar KDKA ta Amurka ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. Amma jarida tana da sharaɗi: sai ka iya karatu, sai kuma ta iso inda kake. Shi ya sa ta daɗe a hannun 'yan birni.

Rediyo bai tambayi kowa takardar makaranta ba. Da ƙaramin akwatin rediyo na transista ya shigo kasuwa a 1954, sai ga manomi yana huɗa yana jin labarin duniya, direba na tuƙi kunnensa na kan labarai. Tun kafin nan Shugaba Roosevelt ya gano sirrin, daga 1933 ya riƙa yi wa Amurkawa jawabi kamar mai hira a ɗakinsu, lokacin da bankuna ke durƙushewa. Sai dai kusancin nan yana da haɗari, domin muryar da kunne ya saba da ita ba a cika yi mata musu ba. A Ruwanda a 1994, tashar RTLM ta riƙa kiran sunayen mutane tana zuga a hallaka su.

Wajen bin diddigi dai, a ganina, jarida ce gaba. Magana iska ke kwashe ta, rubutu kuwa ana dawowa a tantance. Binciken da jaridar Washington Post ta faro a 1972 kan badaƙalar Watergate, wato kutsen da aka yi a ofishin jam'iyyar adawa, yana cikin abin da ya kai Shugaban Amurka Nixon ga murabus a 1974.