Shebur mai lanƙwasasshiyar ƙota: ƙuguna ya huta, amma bakinsa ya ba ni haushi

Duk mazaunin birnin Kalgari na ƙasar Kanada ya san doka: da zarar dusar ƙanƙara ta daina zuba, awa 24 gare ka ka share hanyar ƙafa ta gaban gidanka, in ba haka ba ka sha tara. Ciwon ƙugu ne ya sa na sayi irin shebur ɗin nan mai lanƙwasasshiyar ƙota da bakin roba.

Ƙotar kam ta yi, ba zan ɓoye ba. Ba ka sunkuyawa sosai, tura dusar kake yi zuwa gefe. In ɗagawa ta kama, sai ka lanƙwasa gwiwa, ka ɗebi kaɗan, ka juya da ƙafafunka ka zubar. Murɗa ƙugu a wurga ta bayan kafaɗa shi ke kwantar da mutane. Har maƙwabcina na yi wa tallarsa, dattijo mai hawan jini, ko da yake na roƙe shi ya bar wa 'ya'yansa aikin, domin sanyi na tsuke jijiyoyin jini, ga nauyin jiƙaƙƙiyar dusa, zuciya ce ke shan wahala.

Sai iskar Chinook, wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsu, ta kaɗa, dusar ta narke da rana, ta daskare da dare. Da safe ina turawa, siririn ƙarfen da suka liƙa a bakin shebur ɗin ya kama tsagar siminti. Shebur ya tsaya cik, ƙota ta dake ni a ƙasan haƙarƙari, ƙafata ta zame a kan ƙanƙara. Allah ya kiyaye, shinge na dafa. Da na duba, ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da ƙarfen sun fita, ya ɗago yana da kaifi, har ya yage mini safar hannu. A ce yaro ne ya ɗauka fa?

Na mayar shago, suka ƙi karɓa, wai ba don ƙanƙara aka yi shi ba. To me ya hana a rubuta a jiki? A garin nan wane hunturu ne dusa ke zuwa ba daskarewa?

Yanzu sabuwar dusa mai laushi kawai nake turawa da shi, tun kafin a tattake ta. Inda ya daskare kuwa, yashi da gishiri nake watsawa, sannan in kankare da ƙarfe. Ƙarfen kankarar ma sai da na sake fitar da kuɗi na saya, bayan wanda na riga na zuba a shebur ɗin.